Godabai da Jar Dawa

A Sirpalgaon in aka ce "Tai" ba a haɗa da wani suna ba, Godabai Borse ake nufi. Gajeruwa ce, baƙa, mai siririyar murya. In kana yi mata magana hannuwanka take kallo maimakon fuskarka. In aka kawo mata madara sai ta ɗiga a kan farcenta ta ga ko za ta gangare. In ka gaishe ta da fara'ar da ta fi ta jiya, amsarta ɗaya ce: "Me ya faru?" Tsofaffin garin sun ce ba haka aka san ta ba. Sun ce shekarar da ta tare a gidan Onkar tela, daga bakin rijiya ana jin dariyarta.

Lokacin Turawa ne ke mulki. Akwai wani malamin firamare, Trimbak Bhangale, dogo mai baki, wanda ya ajiye alli ya shiga bin gida gida yana roƙon mutane su daina sayen yadin Ingila, su kaɗa audugarsu su saƙa su sa. Godabai na da hannun kaɗi, zarenta ba ya tsinkewa, sai tsakar gidanta ya zama wurin taruwar mata da mazaransu. Onkar ba ruwansa da siyasa, amma fararen hulunan da 'yan gwagwarmaya ke sawa duk a kekensa ake ɗinka su, don haka bai taɓa yin ƙorafi ba. Trimbak kan kira ta Tai, ita kuma ta ce masa Dada, kamar wa da ƙanwa.

A damunar 1942 ƙasa ta ɗauki zafi. Aka tsinke wayar tangarahu, aka cinna wa rumfar tashar jirgi wuta, 'yan sanda suka bazama neman Trimbak. Godabai ta ɓoye shi a saman ɗakinta, cikin dammunan auduga, tana miƙa masa gurasar dawa da albasa ta ramin tsani. Ana cikin haka wani baƙon mai tallar awarwaron gilashi ya shigo unguwar. Mai zaƙin baki ne, kuma irinsu ba a hana su shiga tsakar gida. Ya baje kayansa, ya kama hannunta yana matsawa don koren awarwaro ya wuce, ya ce, "Ƙanwata, wannan hannu ya sha kwaɓin gari. Ku biyu ne a gidan, ko kuwa mijin naki cin mutum uku yake yi?" Ta yi dariya, matan da ke wurin suka taya ta. Washegari da hantsi 'yan sanda suka shigo, ba su duba ko'ina ba, kai tsaye suka nufi tsani. Suka tafi da Trimbak, suka haɗa da ita.

Ta yi fiye da shekara a kurkukun mata, can kudu. A can ta sami lokacin tunani, tunanin kuma bai yi mata daɗi ba. Mai awarwaro ne? Ko maƙwabciyar da ta shigo ɗiban wuta ta tsaya tana kallon sama? Ko mai niƙa, da ya ga dawarta ta ƙaru? Wata rana har Onkar ya faɗo mata a rai, don shi ba a kama shi ba. Ta kori tunanin, ya dawo, ta sake kora. Ba ta taɓa samun wanda ya tabbatar mata da komai ba.

Ranar da ta dawo gida, kafin ta sha ruwa, ta ɗauki dutse ta farfasa awarwaron hannunta, yadda matan garin ke yi in miji ya mutu. Onkar ya taso daga kan keke.

"Ina raye kike fasa awarwaro? So kike unguwa ta shigo yi miki gaisuwar mutuwata?"

"Ba don ku na yi ba," in ji ta. "Ba wanda zai ƙara riƙe min hannu yana min tambaya."

Ya koma kan kekensa. Daga baya ya sa maƙerin farin da suka sani tun kakanni ya ƙera mata na azurfa. Ta karɓa ta yi godiya, sannan ta kai wa wani maƙerin a garin gaba ya gwada mata.

Da Turawa suka tafi, Trimbak ya zama shugaban majalisar gari. Ya yi ƙiba kaɗan, farar hularsa ta fara shan sitaci. Aka ware kujera ɗaya don mace, shi da kansa ya zo har gida ya ce ta tsaya.

"Ni da ban iya karatu sosai ba, Dada?"

"Karatun me? Ki zauna kawai, in an ce a ɗaga hannu ki ɗaga."

Ta kalli hannuwansa, ta ce to. Ta ci zaɓe, amma zaman da ya yi zato ba shi ta yi ba. Ita ce ta bi masu share kwata da sassafe ta gano rabinsu a gonar wani kansila suke yini. Ita ce ta ɗanɗana madarar da ake kai wa ɗakin haihuwa, ta tofar a gaban ɗan kwangila. Ta matsa har aka haƙa rijiya a unguwar majema, inda a da mata kan tsaya nesa da rijiyar gari, don ba a yarda su taɓa ta ba, suna jiran wani ya tausaya ya zuba musu. Ranar da aka buɗe ta, manyan gari suka tsaya baya baya, ita kuwa ta ja guga ta sha, bayan ta shinshina. Mutane suna jin daɗin aikinta, ba su cika jin daɗin zama da ita ba. A majalisa in ta buɗe baki sai ka ji ana gyaran murya, wani ya ce a hankali, "Ga hancin gari nan."

Sai shekarar fari ta zo. Hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa, auduga ta bushe tun tana gwiwa, kogin Tapi ya janye har shanu na tsallaka shi ba su jiƙa ciki ba. Gwamnati ta aiko da hatsi a jirgin ƙasa, wata irin jar dawa ta ƙasar waje wadda ba a nomawa a wajenmu. Gurasarta takan fito ja kamar bulo, ga ɗan ɗaci, amma yunwa ba ta bar kowa ya yi zaɓe ba. Aka jibge ta a tsohon sito na masu gurzar auduga, makulli a hannun shugaban majalisa, gadi a hannun Gulab Tadwi, wani dattijon Musulmi da ya yi soja ya dawo da ɗingishi.

Da farko rabo ya tafi daidai. Da zafi ya tsananta sai aka rage mudu. Trimbak ya tashi a majalisa ya ce sito cike yake har rufi, tattali kawai ake yi don a kai damuna. Kowa ya gyaɗa kai. Godabai kuwa, a hanyarta ta gida, sai ta bi ta bayan siton. Ta ga sawun amalanke a ƙofar baya, ƙofar da aka ce an toshe ta tun zamanin Turawa, kuma sawun ya nutse sosai a ƙasa. Ta ɗaga kai ta ga tattabarun da a da ke rufe kwanon siton sun ragu ƙwarai.

"Ki bar maganar nan," in ji Onkar, allura a bakinsa. "Tattabaru ma kin fara tuhumarsu?"

"Ba su nake tuhuma ba. Su ne kaɗai ba su yi min ƙarya ba."

Washegari da rana tsaka, lokacin da gari ke kwance a inuwa, ta ɗauki mazarinta na ƙarfe ta nufi siton. Gulab na zaune a bakin ƙofa yana fifita da rawaninsa. Da ya hango ta sai ya miƙe da sauri fiye da yadda ƙafarsa ta saba.

"Tai, a wannan rana? Ai ko ƙadangare ya nemi inuwa."

"Buɗe min, Baba Gulab."

"Makulli na wurin Dada."

"Na ƙofar gaba ke wurinsa. Na baya fa?"

Ya dube ta, ya dubi ƙasa. "Wallahi, Tai, ni gadi aka ce in yi. Ina da jikoki."

"Na sani. Buɗe."

Ciki duhu ne da warin buhu. Layin gaba ta soka mazari, jar dawa ta zubo. Layi na biyu ma haka. Ta kutsa ta tsakanin buhuna har can ciki ta soka, sai ɓawon irin auduga ya fito. Ta soka na kusa da shi, yashi. Ta yi ta sokawa har hannunta ya gaji. Da ta fito Gulab bai ɗago kai ba.

"Wa ke zuwa da amalanken?"

"Ni ban ga fuska ba."

"Shanun fa? Su ma ba ka ga fuskarsu ba?"

Ya ci gaba da fifita da rawaninsa. Ta ƙulle yashin a gefen zanenta ta wuce gidan Trimbak. Ta same shi a kan lilon zaure, ya cire hula yana shan ruwan tsamiya. Ta kwance ƙullin ta zazzage masa a kan tabarma. Ya daɗe yana kallon yashin. Bai yi musu ba, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

"Zauna, Tai."

"A tsaye na zo."

"Kin san ƙauyukan ƙabilar Bhil na hayin kogi? Ba sa cikin iyakar gari, don haka ba su da rabo. Nasu rabon yana can hedikwata, wai ana kan duba shi. Na je na ga mata suna dafa ɓawon itace. Na roƙi izini aka ce in jira. To, ban jira ba. In laifi ne, na yi."

"Me ya hana ka faɗa wa majalisa?"

"In faɗa wa mutanen da aka rage wa mudu cewa na ba 'yan daji abincinsu? Da sun ƙona ni da siton."

"Ni fa? Me ya hana ka faɗa min?"

Ya yi murmushi. "Ke? Ke da ko ruwan gidana sai kin shinshina?"

Maganar ta yi kyau, kuma kyanta ne ya dame ta. Trimbak ya iya magana tun yana riƙe da alli. Da gari ya waye ta ɗaura zane ta taka busasshen kogin da ƙafa zuwa hayi. Ta shiga bukkoki, ba ta tambayi kowa komai ba, tukwane ta riƙa buɗewa. Jar dawa ce a ciki. Wata tsohuwa ta kama ƙafafunta tana cewa ba don Dada ba da sun binne yaran ƙauyen kaf. Godabai ta dawo da yamma kunya na cin ta. A hanya ta shirya kalmomin da za ta ba shi haƙuri da su, abin da ba ta yi wa kowa ba tun fitowarta kurkuku.

Ta biyo ta kasuwa don ta saya wa Onkar ganyen shayi. Shagon da ke buɗe na Bhika ne, ƙanin matar Trimbak. Tana tsaye sai wata baiwar Allah ta zo ta yi masa raɗa, ya shiga ciki ya fito da ƙullin gari ya cusa mata a kwando. Bakin ƙullin ya ɗan buɗe. Garin ja ne.

"Bhika, yaushe ka fara noman jar dawa?"

Ya yi dariyar da ba ta kai zuci ba. "Haba Tai. 'Yan hayi ne ke kawowa. Sukan sayar da kaɗan su sayi gishiri da kananzir. In ƙi saya su rasa gishiri?"

Wannan ma zai iya zama gaskiya. Ta ga gishiri a wasu bukkokin. Amma ta leƙa ta bayan kafaɗarsa, ta ga buhuna jere a ɗakin ciki an lulluɓe su da bargo, a wannan zafin. Mutanen da ke dafa ɓawon itace ba sa sayar da buhu guda.

Ta kwana biyu abin na cin ta. Ta tabbata Trimbak ya ciyar da mayunwata, da idonta ta gani. Ta kuma tabbata wani abu ya bi ta shagon surukinsa. Abin da ta kasa sani shi ne wanne ya fi yawa, kuma wanne aka fara: ko ya yi alheri ne Bhika ya yagi rabonsa a hanya, ko kuwa sata ce aka yi wa mayafi da 'yan buhunan sadaka. Ta koma wurinsa ta tambaye shi kai tsaye. Wannan karon fuskarsa ta canza.

"Ke da kika ɓoye ni a cikin audugarki, yau ni kike kira ɓarawo?"

"Ban kira ka ba. Tambaya na yi. Ka san da buhunan Bhika?"

"In na ce ban sani ba za ki yarda?"

Ta yi tunani da gaske kafin ta amsa. "A'a."

"To me ya kawo ki?"

A zaman majalisa na gaba ta tashi ta faɗi duk abin da ta gani, na sito, na hayi, na shago, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Zauren ya kaure. Wasu na ihun ɓarawo, wasu na ce mata maciya amana. Trimbak ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur ya fita.

Aka turo masu bincike daga hedikwata. Suka sha shayi a gidan wannan, suka ci abinci a gidan wancan. Kafin su iso shagon Bhika, ɗakin ciki ya zama fayau, sai bargo a ninke. Abin da suka iya tabbatarwa kawai shi ne an buɗe ƙofar baya, kuma mai gadi ne ke da makullinta. Aka kori Gulab Tadwi.

Wannan ne ya karya ta. Ta yi ta sintiri daga ofis zuwa ofis, tana cewa shi umarni ya bi, ana ce mata ai ita ta tayar da maganar. Da ƙyar ta samar masa aikin kunna fitilun titi. Ya karɓa don jikokinsa, amma har ya bar duniya in ya hango ta sai ya tsallaka ɗaya gefen da tsaninsa, yana ɗingishi.

Abu ɗaya ya gyaru: aka sa ƙauyukan hayi cikin rabo a fili, aka kuma riƙa buɗe siton a gaban jama'a duk ranar kasuwa. Ba wanda ya gode mata a kan haka. A zaɓen da ya biyo baya ta faɗi warwas, har unguwar majema ba duka suka zaɓe ta ba. Mutane suka ce wadda ta tona asirin yayanta ba wanda za ta bari. Trimbak kuwa, bayan 'yan shekaru, ya tsaya takarar majalisar jiha, 'yan hayi suka fito kwansu da kwarkwatarsu suka zaɓe shi. Ya yi musu gada, ya kawo makaranta. Bhika kuma ya gina bene.

Godabai ta koma tsakar gidanta. Ta tara zawarawa da matan da fari ya kora daga ƙauye suna kaɗi da saƙa, tana kai kayan kasuwa da kanta don ba ta yarda da dillalai ba. Ɗakin haihuwa kuwa, ko da ba ta da kujera, ba ta daina faɗo musu ba zato ba, kuma ba wanda ya iya hana ta. Onkar ya rasu a kan kekensa wata safiya. Ta ce wa matan da suka zo gaisuwa shi kaɗai ne ta tuhuma ta ji kunya.

Da ƙasa ta cika shekara ashirin da biyar da 'yanci, gwamnati ta raba wa waɗanda suka sha ɗauri allunan tagulla na girmamawa. Aka yi taro a filin makaranta, aka jera tsofaffi a kan dandamali. Kujerarta ta faɗo kusa da ta Trimbak. Ya rame, rabin jikinsa ya shanye, hular ta yi masa yawa. Wani matashin jami'i na ta zuba jawabi a lasifika yana kiran sunayensu ba daidai ba.

"Tai," in ji Trimbak da karkataccen baki, "har yanzu kina fushi?"

"Ban taɓa fushi ba, Dada. Sani nake so in yi."

"Har yanzu?"

"Ka san da buhunan Bhika?"

Ya yi wata 'yar dariya da ta zame masa tari. Da ya lafa ya ce, "Amalanke goma in suka tashi, ban taɓa bin su na ga nawa suka isa hayi ba. Ban tambaya ba. Ki ɗauki wannan yadda kika ga dama."

"Ba ka tambaya ba don ka yarda da shi, ko don ka san amsar?"

Sai aka kira sunansa, aka zo aka tallafe shi ya miƙe. Bai ba ta amsa ba, ba su kuma sake haɗuwa ba. Ya rasu kafin damuna ta zagayo, 'yan hayi suka tsallako gadarsa suka cika garin, wasu na kuka kamar ubansu ne. Ita ma ta je ta zauna cikin mata har aka ɗauke shi.

Ta ƙara 'yan shekaru a bayansa. A ciwonta na ƙarshe matan saƙa ne suka yi jinyarta bi da bi. Likita ya rubuta mata magani, ta sa aka kira wata ungozoma da ta sani tun tana yarinya ta karanta mata abin da ke jikin kwalbar, ta sa aka maimaita, sannan ta buɗe baki ta sha. Da aka fito da gawarta, matan unguwar majema ne suka fara isowa. Suka ɗebo ruwa daga rijiyarsu suka yayyafa a hanyar da za a bi da ita zuwa bakin kogi, inda ake ƙona mamata.